Takardar Neman Tanka

Ranar kasuwar Tawa, rumfar Illo mai shayi ta cika. Mushe, tsohon malamin makaranta da yanzu yake rubuta wa mutane takardu da lada, yana zaune da biro a aljihu, Baba Soja kuma yana gefensa da rediyo a kunne. Sai ga Ɗan Juma daga ƙauyensu na hanyar Ilela, ya ɗaure jakinsa, ya gaishe su, ya durƙusa.

Ɗan Juma: Mushe, takarda nake so ka rubuta mini zuwa ofishin jakadancin Amurka a Yamai, domin na ji a rediyo cewa duk wanda maƙwabcinsa ya ci masa iyaka, Turawa suna aika masa kayan yaƙi. To, Tanko ya tumɓuke gambar da kakanninmu suka dasa, ya shigo mini kunya uku, ya shuka wake. Ba ni da haɗama, tanka ɗaya ta ishe ni.

Mushe bai taɓa sanyaya gwiwar mutumin da ya zo da kuɗi a lalita ba, saboda haka ya zaro biro, ya gyara tabarau.

Mushe: Buƙatarka tana kan hanya, sai dai ya kamata ka san cewa ba a farawa da tanka. A watan Janairun 2022, lokacin da sojojin Rasha suka yi dafifi a kan iyakar Yukren, abin da Jamus ta yi alkawari shi ne hulunan ƙarfe 5,000, har magajin garin Kiyef ya tambaya ko matasan kai ne za su biyo baya. Sai da aka yi kusan shekara guda ana gwabzawa sannan ta amince da ba da tankokinta na Leopard.

Ɗan Juma: Ina da malafa, kuma Tanko bai taɓa jifata a kai ba. A tsallake maganar hula.

Mushe: Ita Amurka a Janairun 2023 ta yi alkawarin tankokin Abrams 31, amma na farko ba su isa ba sai a watan Satumba.

Ɗan Juma ya ƙirga watannin da yatsunsa, ya sake ƙirgawa.

Ɗan Juma: Ai kafin nan Tanko ya roro waken, ya sayar da harawa, ya ƙara aure da kuɗin gonata.

Baba Soja: Yaro, a ce ma an kawo maka ita gobe da hantsi. Tankar nan nauyinta ya haura tan 60, injinta kuma irin na jirgin sama ne, wanda ko tana tsaye yana zuƙar mai. Wa zai ba ka man? Akwai bakanike a ƙauyenku?

Ɗan Juma: Akwai Sale mai faci, Baba, kuma bara ya gyara injin niƙa.

Baba Soja: Su kansu mutanen Yukren, da suka gaji masana'antun tanka tun zamanin Tarayyar Sobiyet, idan Leopard ta yi mummunar lalacewa ɗora ta suke yi a tirela ko a jirgin ƙasa a kai ta Polan ko Lituwaniya a gyara, kuma a can ma a kan zauna jiran kayan gyara daga Jamus.

Ɗan Juma: Ni iyakata Ƙonni, kuma jakin nan ko buhu uku aka ɗora masa sai ya kwanta. Mushe, soke tanka, ka rubuta igwa.

Mushe ya soke, ya kuma ɗiga wata ƴar alama a gefen takarda, wadda duk mai hulɗa da shi ya san ma'anarta ƙarin kuɗi.

Baba Soja: Igwa ba ta cin tsakuwa. Yukren ta shiga yaƙin da igwogi irin na Sobiyet, masu cin harsashi mai faɗin milimita 152, alhali na ƙasashen NATO 155 ne, saboda haka duk wanda ya ba ta harsashi mai 155 sai ya haɗa mata da igwarsa, wanda ya ba ta igwa kuma ita ce za ta riƙa komawa ƙofar gidansa neman harsashi.

Ɗan Juma: A kan milimita uku ake wannan wahala? Ai sai a kai wa maƙeri ya goge da magagari.

Baba Soja: Ranar da za ku goge, ka turo yaro ya sanar da ni tun da asuba, domin in bar jihar Tawa gaba ɗaya.

Mushe: Kuma harsashin ma ba a rumbu yake jiranka ba. A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta yi alkawarin harsasai miliyan ɗaya cikin shekara guda, shekarar ta cika ba a kai ba, sai wajen ƙarshen 2024 aka cike adadin. Majalisar Amurka kuwa ta yi watanni tana jayayya kafin ta amince da dalar Amurka biliyan 61 a Afrilun 2024, su kuma sojojin da ke cikin ramuka suna ƙirga abin da za su harba a wuni.

Ɗan Juma: To, a ba ni wanda ake harbawa daga nesa, in zauna a zaure in auna rumbunsa.

Mushe: Wannan yana zuwa da sharaɗi. Amurka ta ba Yukren makamai masu linzami da ake kira ATACMS, masu cin zangon kilomita 300, amma ba ta yarda a harba su cikin ƙasar Rasha ba sai a watan Nuwamban 2024. Kafin nan, sai dai a yankunan da aka mamaye.

Ɗan Juma: Tsaya in fahimta. Wato ina da izinin in ƙone kunyoyina uku da makamin da na roƙo, amma gonar Tanko sai na jira takarda daga Washinton?

Mushe: Da ka yi boko, da yanzu kana ma'aikatar tsaro.

Baba Soja ya kashe rediyo, alamar zai shiga tarihi, Illo kuma ya rage wuta, domin ya san ba a gama wannan labari kafin shayi na uku.

Baba Soja: A 1987 ina aiki a Dirku lokacin da mutanen Hisen Habre, shugaban Cadi na wancan zamani, suka fatattaki sojojin Gaddafi a Fada da Wadi Dum da ke arewacin Cadi. Libiya tana da tankoki da jiragen Sobiyet, su kuma ƴan Cadi abin da suka samu daga Faransa motocin Toyota ne da makaman fasa tanka da ake kira Milan. Sun ci nasara saboda sun san hamadar, kuma ita motar, kowane yaron gareji yana iya kwance ta ya ɗaure. Tankokin da aka gudu aka bari kuwa, har yau wasu suna can yashi yana binne su.

Ɗan Juma: Baba, kai ma ka harba?

Baba Soja: Na riƙa ba da shawara daga nesa.

Ɗan Juma: To, jirgin nan marar matuƙi fa? Shi ba ya buƙatar hanya, kuma na ji akwai su a Agadas.

Mushe: A da ke nan. Amurkawa sun kashe fiye da dala miliyan 100 tasu wajen gina wancan sansani, amma da gwamnati ta ce su tafi, sun fice a watan Agustan 2024 da jiragensu, suka bar mana titin sauka. Waɗanda sojojinmu suke da su, irin Bayraktar na Turkiyya, sayo su aka yi da kuɗin ƙasa. Kai nawa ka tanada?

Ɗan Juma: Jaka bakwai da tunkiya mai ciki.

Mushe: Jaka biyu na takarda ne, jaka ɗaya kuma na soke-soken da ka sa ni.

Ɗan Juma ya kwance lalita yana gunaguni. Da Mushe ya buɗe jakarsa zai zuba kuɗin, sai wata takarda ta zamo ƙasa, da dangwalen babban yatsa mai tabo a tsakiya, tabon da Ɗan Juma ya sani tun ranar da lauje ya yanki mai shi suna yara.

Ɗan Juma: Wannan ai yatsan Tanko ne!

Mushe: Da sassafe ya zo. Tasa zuwa ofishin jakadancin Rasha za ta, da kwafi ɗaya ga na Iran.

Ɗan Juma: Kai da nake biya, kai ne kuma kake rubuta wa abokin gabata? Me ya roƙa?

Mushe: Sirrin mai takarda amana ne, ba zan faɗa ba. Abin da zan iya gaya maka kawai shi ne ka daina kwana a tsakar gida. Idan ka ƙara jaka biyu, sai in ƙara maka layi ɗaya na neman Patriot mai kakkaɓo abin da ke tahowa ta sama.

Ɗan Juma: Kuɗina sun kusa ƙarewa, Mushe.

Mushe: Ba komai, ina karɓar tunkiya. Tanko ma da ɗan akuya ya cika nasa.