Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Leeds da Injin Kawu da Muka Ɗora a Sikeli

Wata ranar Lahadi a cikin watan Yuli, lokacin da rana kan wuce ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba a arewacin Ingila, na kai 'ya'yana biyu wani filin shaƙatawa a bayan garin Leeds, inda na shekara goma sha ɗaya ina aikin lissafin kuɗi. Muna cikin tafiya sai muka ji usur na jirgin ƙasa, siriri kamar na wasan yara, kuma iska ta kawo mana ƙaurin kwal da man inji. Da muka bi sawun ƙarar, sai muka tarar da layin dogo da aka ɗora a kan 'yan ginshiƙai masu tsawon gwiwa, ya zagaye wata fadama ya dawo. A kansa ga kan jirgi wanda tsawonsa bai kai gaba guda ba, yana fitar da hayaƙi da tururi na gaske, yana jan yara da iyayensu kusan goma, kowa ya raba ƙafa a kan benci kamar mai hawan jaki. Direban wani dattijo ne mai furfura, sanye da shuɗiyar rigar aiki, yana ɗibar kwal da shebur mai girman cokalin shayi yana zubawa a murhun da bakinsa bai fi akwatin ashana ba.

Na ɗauka wani kamfani ne ya ƙera abin aka sayo. Da na tambaya, sai dattijon ya ce shi ya yi shi da hannunsa a bayan gidansa, kuma shekara tara ya ɗauka. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya. Sauran tsofaffin da ke zaune a inuwa riƙe da kofunan shayi, akwai tsohon malamin makaranta, akwai tsohon direban bas, akwai wanda ya yi aikin banki, kuma kowannensu yana da nasa jirgin, ko dai a kan layi ko a bayan mota. Kuɗin da ake jefawa a gwangwani kafin a hau ba ya shiga aljihun kowa, kwal ake saye da shi a gyara layi.

Ganin yadda na tsare shi da tambayoyi, sai ya gayyace ni gidansa a Asabar ta gaba. Wurin aikin nasa ɗan ɗakin katako ne a ƙarshen lambu, bai kai girman shagon mai shayi ba, amma an lulluɓe bangon daga ciki saboda sanyi, an jera magagari kala-kala a jiki, kowanne da ƙusarsa, ga kwalabe cike da notuna waɗanda wasunsu sai ka kanne ido kafin ka gane cewa suna da zare. A tsakiya ga injin feƙe ƙarfe mai launin toka, wato injin da ke riƙe sandar ƙarfe yana juya ta da sauri, mai aiki kuma yana matso da kaifi yana sassaƙe ta kaɗan-kaɗan har ta kai kaurin da ake so. Nasa samfurin Myford ne mai lamba ML7, wanda aka fara yi a 1946 a Beeston da ke gefen Nottingham, kuma duk da cewa masana'antar ta rufe a 2011, har yau tsofaffin nan suna gadon injinan daga hannun juna, suna shafa musu mai kamar dokin sarki. Ya nuna mini tarin mujallar Model Engineer, wadda Percival Marshall ya kafa tun 1898, inda ake buga zanen jirage da ma'aunin kowane ɓangare, mutum ya bi sannu a hankali. Ya bayyana mini cewa faɗin layinsu inci biyar ne, wato jirgin nasa kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ne na babban, akwai kuma masu yin na inci uku da rabi da na inci bakwai da kwata. Tukunyar tururin da jan ƙarfe ya yi ta, ya liƙe gaɓoɓinta da narkakkiyar azurfa, kuma kafin a bar shi ya hura mata wuta a gaban jama'a, sai da masu dubawa na ƙungiyarsu suka cika ta da ruwa, suka matsa ta ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi, sannan suka ba shi takardar shaida. Ya miƙo mini fistin ɗin wani jirgin da yake kan yi, ya ce tazarar da ke tsakanin fistin ɗin da ramin da yake kai-komo a ciki ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci ba, ya kuma ciro ɗan ma'aunin da ake murɗawa ya gwada a gabana.

Har zuwa nan sha'awa kawai nake yi. Sai ya tambaye ni ƙasarmu, na ce Najeriya, fuskarsa ta washe, ya ce ai ya san jiragen tururin da kamfanin Vulcan Foundry ya ƙera wa reluwe ɗinmu bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda aka laƙaba wa sunayen koguna. Daga nan, cikin murya mai taushi, ba tare da nufin cin fuska ba, ya ce abin tausayi ne, don yana jin a can idan ɗan ƙaramin abu irin wannan ya lalace babu mai iya yin wani, sai dai a jira a kawo daga waje.

Na yi murmushi irin na baƙo, na shanye shayina, amma maganar ta bi ni har gida, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina ma a ce na ɗauki dattijon nan na sauke shi a Panteka ta Kaduna da hantsi, ya ga abin da ake yi da ragowar ƙarfen da su a nan sai sun biya kuɗi kafin a kwashe musu. Ina ma ya tsaya a Ƙofar Ruwa ya ga yadda ake rarrabe tsohuwar mota har babu abin da zai tafi a banza. Shi yana da zane a takarda, yana da sabon ƙarfe da aka aiko masa har ƙofar gida da lambarsa a jiki, yana da wutar lantarkin da bai taɓa tunanin za ta ɗauke ba, yana da fansho da ke shiga kowane wata, yana kuma da shekara tara. Namu kuwa manomi ne zai zo da injin ban ruwa a bayan babur, tumatirinsa na ƙonewa a Kadawa, ya ce kafin la'asar yake so, kuma babu zane, babu sabon ƙarfe, sai guntun gatarin tsohuwar mota da janareta mai tari, amma kafin la'asar ɗin ruwa zai hau gona. Wane ne gwani tsakanin wanda ya yi abin wasa cikin kwanciyar hankali da wanda ya ceci amfanin gona cikin ƙunci? Ni dai na san amsata, kuma ba na jin son gida ne kaɗai ya ba ni ita.

Ba zan hana su haƙƙinsu ba. Daidaiton aikinsu ya fi namu, kuma suna rubuta abin da suka sani, shi ya sa mutumin da bai taɓa zama a gaban maigida ba zai iya koyo daga mujallar da ta girmi kakansa, alhali mu idan gwani ya rasu sai a binne shi da rabin iliminsa. Garin nan ma da nake zaune, tun 1812 jirgin tururi ya fara jan kwal a layin Middleton, kusan shekara ɗari kafin jirgi ya iso Kano a 1911, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce abin ya shiga jininsu. Tun watan Agusta na 1968 aka daina jan fasinja da tururi a manyan layukan Birtaniya, kuma ina ganin rabin abin da tsofaffin nan suke yi kewar ƙuruciyarsu ce suke sassaƙawa da ƙarfe. Amma wannan duk bai ba wani damar ɗaukar cewa hannun da ke iya feƙe ƙarfe a tsibirinsu kaɗai Allah ya halicce shi ba.

Sai dai da na kwana biyu ina shirya martanin da ban mayar ba, na lura cewa ba maganarsa ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hannayensa. Likita ne, mutumin da ya tara abin duniya, amma ƙarƙashin farcensa baƙi ƙirin, tafinsa duk ƙananan yanka, kuma da alfahari yake miƙo hannun a gaisa. Ku faɗa mini gaskiya, a cikin manyan ma'aikatanmu da suka ajiye aiki, wane ne zai sa rigar makanikai ya shiga rumfa a bayan gidansa ya wuni yana goga ƙarfe da magagari ba don kuɗi ba? Kafin sati ya zagayo za a ce Alhaji ya samu matsala, 'ya'yansa su fara kiran juna a waya, matarsa ta aika a karɓo rubutu. Mun yarda babban mutum ya yi kiwon dawaki, mun yarda ya wuni a majalisa ana warware siyasar duniya, amma ba mu yarda ya ƙera abu don jin daɗin ƙerawa ba. Kuma ba wai sha'awar ce babu ba. Duk wanda ya tashi a unguwa ya san yaron da motarsa ta langa-langa ta fi ta kowa, wanda yake yi mata sitiyari mai juya tayoyin gaba da gaske, ya yanko tayoyin daga tsohon silifa, ya sa mata fitila da batir. Abin da muka sani game da ƙarshen yaron nan shi ne bulala, da faɗan cewa wasan banza ya hana shi karatu. Ni ma na sha tawa, kuma na daina.

Wanda bai daina ba shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata. A reluwe ya koyi aikin feƙe ƙarfe a Zariya, daga baya ya buɗe rumfarsa a Sabon Gari, da wani tsohon inji na Ingila mai bel wanda ya fi na likitan nan girma sau uku. Masu injin niƙa da direbobin manyan motoci har layi suke yi a wurinsa. Yana da ma'auni irin wanda likitan ya nuna mini, a cikin ɗan akwatin katako, naɗe da ƙyalle mai mai, kuma ba ya barin kowa ya taɓa shi. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, idan kasuwa ta yi sanyi da yamma, Kawu yakan ɗauki guntayen tagulla ya riƙa yin wasu 'yan abubuwa da babu wanda ya sa shi: ƙaramin turmi da taɓarya da ba su fi yatsa ba, buta mai murfin da ke murɗuwa, da wani ɗan inji mai ƙafa guda da yake hura wa iska da baki ya yi ta juyawa. Ɓoye su yake yi a cikin gwangwanin madara, don kada yaran shagonsa su gani su raina shi. Wata rana ya ce mini, "Ɗana, zo ka riƙe nan in nuna maka yadda ake yanka zare." Ina aji uku na sakandare a lokacin, sanye da farin yunifom, abokaina kuma suna jirana a bakin titi. Na ce masa, "Kawu, sai wani lokaci," na fita da sauri don kada su gane cewa mai baƙin hannun nan jinina ne.

Wani lokacin bai zo ba. Na tafi jami'a, na tafi bautar ƙasa, na ƙetaro teku, kuma duk zuwan da na yi gida gaisuwar tsaye nake yi masa, in ajiye masa ɗan abin goro a ambulan, shi kuma ya yi ta sa mini albarka yana gaya wa maƙwabta cewa ɗansa akanta ne a Ingila. Da Allah ya yi masa rasuwa ina nan Leeds. 'Ya'yansa babu wanda ya gaji sana'ar, domin shi da kansa ya hana su, ya ce su yi boko kada su ƙare kamarsa. Da aka zo rabon gado aka rasa mai sayen injin a matsayin inji, sai babban ɗansa ya kira ni neman shawara, tun da ni ne masanin lissafi a dangi. Na tambaye shi kuɗin hayar rumfar, na tambaye shi nawa 'yan gwangwan suke sayen kilo, na buga a waya, na ce masa a sayar. Da guduma suka farfasa shi kafin ya shiga sikeli, don bai ɗauku a dunƙule ba.

Wannan ne ya sa na kasa buɗe baki a ɗakin katakon nan. Da na ce wa likitan muna da masu iyawa, tambaya ta gaba ita ce ina suke, ina injinansu, wa suka koya wa, kuma amsar da ke hannuna ita ce lissafin da na yi a waya. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa Kawu ya fi shi iya aiki, kuma da an ba shi shekara tara da wutar da ba ta ɗaukewa, da jirgin da zai ƙera sai an zo kallo daga Landan. Amma shi likitan ya riga ya rubuta a wasiyyarsa cewa injinsa da jirginsa ƙungiyarsu za a ba, kuma akwai wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ke zuwa wurinsa kowace Asabar yana koyon riƙe magagari.

A makon jiya na kira ɗan Kawu na tambaye shi ko ya san inda ɗan akwatin katakon nan yake, da gwangwanin madara. Ya ce akwatin yana jin yana cikin kayan Inna, zai duba idan ya je Zariya da Sallah. Gwangwanin kuwa ya tuna an buɗe shi ranar da aka kwashe rumfar, aka ga tagulla ce, aka haɗa da sauran a awo.