Har yau ba a yi fim ɗin mai shan jini da ya kamo ƙafar Nosferatu ba

A shekarar 1925 wata kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafin fim ɗin Nosferatu. Florence, matar marigayi Bram Stoker, ce ta kai ƙara, domin darakta F. W. Murnau da kamfanin Prana Film sun ɗauki labarin Dracula, dodo mai shan jinin mutane, littafin da mijinta ya wallafa a 1897, ba tare da izini ba. Sunaye da garuruwa suka canza, Dracula ya koma Orlok. Matar tana da gaskiyarta, haƙƙi ba abin wasa ba ne. Sai dai wasu kwafi sun tsira, kuma ina murna da hakan, don a ganina duk fina-finan masu shan jini da suka biyo baya babu wanda ya kai wannan na 1922 tayar da tsigar jiki.

Fim ne marar sauti, baƙi da fari. Ƙarfinsa yana cikin siffar da aka ba Max Schreck, ɗan wasan da ya fito a matsayin Orlok: kai ƙwal ba gashi, kunnuwa masu tsini, haƙora biyu na gaba irin na ɓera, farata zaƙo-zaƙo. Orlok ya taso a jirgin ruwa da akwatunan gawa cike da ƙasa, ma'aikatan jirgin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har jirgin ya shigo garin Wisborg ba mai rai a ciki, ɓeraye suna ta fitowa. Daga nan sai ka ga wani mutum yana bi ƙofa-ƙofa yana zana alama da alli a gidajen da aka yi rasuwa, ga jerin masu ɗauke da gawarwaki sun miƙe titi. Murnau annoba ya nuna, kuma mutanen da suka fara kallo ba su daɗe da fita daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da murar 1918 ba. Duk wanda ya taɓa ganin kwalara ta shiga unguwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan tsoron.

Daga baya aka yi ta yi wa dodon kwalliya. A 1931 ɗan wasa Bela Lugosi ya fito a matsayin Dracula a Amurka da baƙar alkyabba da lafazi mai daɗi. A 1958 kamfanin Hammer na Ingila ya kawo Christopher Lee da jan jini a fim mai kala. Zuwa fim ɗin Twilight na 2008, mai shan jini ya zama kyakkyawan saurayi ɗan sakandare da 'yanmata ke mafarkin samu.

Masu kare wannan salo suna cewa ai mugu ba da mummunar fuska yake zuwa ba, da murmushi yake zuwa. Wannan magana ce mai nauyi, kuma Lee ya nuna ta da kyau, domin a hannunsa fara'ar tarko ce, mai kallo ya san tarko ce. Abin da ba na yarda da shi shi ne fim ɗin da ya manta cewa akwai tarkon, ya mayar da mai bibiyar yarinya cikin dare abin so, ya kira hakan soyayya. A nan tsoro ya tafi, kuma abin da aka cusa wa matasa a madadinsa ya fi damuna.

Shi ya sa ba na mamakin yadda manyan daraktoci ke komawa wurin Murnau. Werner Herzog ya sake yin fim ɗin a 1979 da Klaus Kinski, ya cika gari da ɓeraye. Robert Eggers ma ya yi nasa a 2024, kuma shi ma bai yarda ya fitar da annobar daga labarin ba.