Kafin ka saya wa tsofaffinka dikoda

Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar nasiha ce gare ni da ku, musamman mu da Allah ya ɗan buɗa mawa muke ɗawainiyar iyaye, ana zaune Abuja ko Kaduna ko Legas su kuma suna nan gida Katsina.

Yanzu abin da ake yayi shi ne mutum ya zo hutun sallah ya shiga kasuwa ya ɗauko ƙatuwar talabijin da dikoda mai naɗar shiri, a kira mai haɗa dish ya kafa, a yi hoto a saka a sitatus, washegari ya kama hanya. Bayan sati biyu ka leƙa ɗakin Hajiya za ka tarar an lulluɓe kayan da zane ta koma ma 'yar rediyonta, in ka tambaya ta ce ai lafiya lau Allah ya yi albarka, don ba za ta so ta ɓata maka rai ba. Alhali rimot biyu aka bar mata kowanne maɓalli ya fi talatin, rubutun ƙanana kuma da turanci, jika ya taɓa wani wuri allo ya yi shuɗi babu mai iya maido shi. To don Allah wannan kyautar wa aka yi mawa, ita ko kai?

Allah ya gaya mana a Suratur Rum aya ta 54 cewa ya halicce mu daga rauni, ya ba mu ƙarfi bayan rauni, sannan bayan ƙarfin ya maido rauni da furfura. Ido ya rage gani, yatsa ya yi nauyi, abin da aka nuna da safe an manta da yamma, wannan duk ba laifinsu ba ne kuma muna tafe in da rabon tsufa. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce ku sauƙaƙa kada ku tsananta, hadisin Anas ne a Bukhari da Muslim. In an umarce mu da sauƙaƙa ma kowa ina ga wadda ta haife ka.

Shi naɗar shirin abu ne mai amfani ƙwarai, ban hana ba. Lokacin azumi sau da yawa ana sako tafsiri tsoho yana masallaci wajen asham ko barci ya ɗauke shi, in an naɗa sai ya kalla da hantsi hankalinshi kwance, ya tsayar ya je ya yi alwala ya dawo ya ci gaba. Amma fa ka fara tambayarsu me suke kallo, kar ka yanke masu. Mafi yawan iyayenmu abinsu bai wuce tashar Harami ta Makka, Sunnah TV, Africa TV 3, labarai, wata Hajiyar kuma tana son Arewa24. Irin waɗannan ana kama da yawansu a dikoda ta kyauta irin su Strong, mai ramin saka filas a naɗa a ciki, ba sai ka ɗora masu mai kuɗin wata ba wanda ranar da ka manta biya za a yanke, su kuma kunya ta hana su kira ka. In dai kana da hali kuma ka san ba za ka manta ba to DStv Explora na da ma'ajiyarta a ciki, sai dai ni a ganina ta yi ma yawancin tsofaffi yawa.

A shagon ka karɓi rimot ɗin ka riƙe da hannunka. Maɓallin naɗa ja ne? dannawa ɗaya yake farawa ko sai an shiga menu an fita? Sannan a nuna maka inda ake zuwa a ga abin da aka naɗa, don nan ne ake shan wahala, naɗawar ba ta kai nemowar wuya ba. Ka sa mai haɗawa ya goge ɗaruruwan tashoshin nan marasa amfani, wasu ma ba su dace a gansu a gidan mutunci ba, a bar guda goma a jere daga lamba 1. Filas ka sayi mai kyau, awa ɗaya na shiri na cin kamar giga 1 zuwa 2, mai giga 32 zai daɗe bai cika ba. Kuma ka sani ko an saita lokaci, in babu wuta babu abin da zai naɗu, shi ya sa mai aiki da 12 volt da za a jona ma batirin sola ta fi dacewa da unguwanninmu.

Inda aka fi faɗawa kuwa wajen koyarwa ne. Baba ya ce sake nuna mani, karo na huɗu, sai ka ji ɗa ya yi tsaki ya fizge rimot, "haba Baba yanzu fa na nuna maku". Subhanallah. Suratul Isra'i aya ta 23 ta ce idan ɗayansu ko su biyun suka tsufa a wurinka kada ka ce masu uf, kada ka tsawace su, ka faɗa masu magana ta girmamawa. Ka kashe dubunnai neman lada ka zo ka zubar da tsaki ɗaya. Wallahi gara ba ka saya ba da ka sa mahaifinka ya ji kamar shi ɗalibi ne daƙiƙi a gabanka.

Zauna ƙasa kusa da su, rimot a hannunsu ba naka ba, su danna da kansu har ya zauna. Maɓallan da ba su buƙata ka liƙe su da salatif, ka rubuta matakan a kwali da manyan baƙaƙe, in ajami suke karantawa a rubuta da ajami, a manna jikin bango. Ka samu yaro ɗaya mai hankali a gidan ko maƙwabta ka nuna mashi yadda ake maido hoto in ya ɓace, ka ja kunnen sauran jikoki kar wanda ya goge ma Hajiya tafsirinta don ya naɗi ƙwallo. In ka kira waya kuma kar ka tsaya a "yana aiki?", za su ce eh ko ba ya yi, ka tambaye su wane malami suka saurara jiya.