Masu haɗa katin biki a waya, ku tausaya wa idanun mutane

Ina da magana da matasanmu masu haɗa katin ɗaurin aure da fastar wa'azi a waya, daga Birnin Kebbi har Jega da Argungu. Hannunku ya faɗa, ba musu. Amma ɗora rubutu ruwan gwal a kan fari, ko ja a kan kore, ya isa haka nan.

Kati zai shigo WhatsApp ya sha furanni da ƙyalli, sunan ango da amarya ɓaro-ɓaro, amma rana da wurin ɗaurin auren sai ka ja hoton da yatsu biyu kana ƙanƙance ido. Kai a ɗaki ka haɗa shi, da idon ƙuruciya, hasken waya a ƙure. Wanda aka tura wa kuwa dattijo ne a bakin kasuwa da tsakar rana, rana ta dallare fuskar wayar, ya rage haske don kar caji ya ƙare, wataƙila ma yanar ido ta fara damunsa. Ƙarshenta sai ya nemi yaro ya karanta masa, alhali ya iya karatunsa sarai. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Abin nan yana da ma'auni, ba son raina ba ne. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da WCAG 2.0, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan, a 2008, inda ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Baƙi a kan fari 21 bisa 1 ne. Rawaya a kan fari ko 2 bai kai ba. Ja da kore kuwa, akwai waɗanda ba sa bambance su da kyau tun haihuwa, galibinsu maza.

Kar a ce na hana ado. A ƙawata gefe yadda ake so, mai biki kuɗinsa ya biya. Amma rana, lokaci, wuri da lambar waya, a sa su da launi mai duhu a kan fili mai haske, ba a kan hoton atamfa ba.

Kafin ka tura wa wanda ya ba ka aikin, juya hoton zuwa baƙi da fari, don haka zai fito idan aka gurza shi a takarda za a liƙa a ƙofar masallaci. Sannan ka fita rana da wayar, ka rage haske, ka gwada karanta kwanan watan.