Don Williams da masu cewa murya kawai gare shi

Jama'a, akwai wata magana da ake yawan yi a kan marigayi Don Williams, mawaƙin Amurka na salon kiɗan kantiri (country), wadda ba ta yi mini daɗi, kuma yau sai na amayar da abin da ke cikina. Wai murya kawai Allah Ya ba mutumin, waƙoƙin da suka ɗaukaka shi duk wasu ne suka rubuta masa. Masu wannan magana suna da 'yar hujja, ban musa ba. Amma duk wanda ya tsaya a nan bai san mutumin ba, bai kuma san yadda sana'ar waƙa take a birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri a Amurka, ba.

Mu nan tun zamanin kaset muka san shi. Direban doguwar hanya, malamin makaranta, ma'aikacin ofis da ya kunna rediyo bayan la'asar, har da wanda ba ya jin Turanci ko kaɗan, kowa ya san wannan murya mai kauri da sanyi. Daga Najeriya zuwa Gana, Kenya da Zimbabuwe haka abin yake, shi ya sa da ya je Harare ya yi wasa a 1997 jama'a suka yi dafifi. To amma daga ina sanyin nan ya samo asali?

An haife shi ranar 27 ga Mayu, 1939, a garin Floydada na jihar Texas, ya tashi a Portland kusa da Corpus Christi, can bakin teku. Mahaifiyarsa ce ta fara koya masa jita. Bayan ya yi aikin soja ya fito, a 1964 shi da Lofton Kline da Susan Taylor suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ƙungiya ba kiɗan kantiri take yi ba. Salon waƙoƙin gargajiyar Amurka suke bi, wanda matasa suka farfaɗo da shi a lokacin su Bob Dylan da Joan Baez: jita marar lantarki, muryoyi biyu ko uku a haɗe, da waƙa mai ɗauke da magana. Waƙarsu "Time" ta yi tashe a 1966 a ƙarƙashin kamfanin Columbia, suka ɗan ja zare, sannan tauraruwarsu ta dushe. Zuwa 1970 ƙungiyar ta watse. Don ya koma sayar da kujeru da gadaje a kantin surukinsa, ga shi ya haura shekara 30, ga iyali.

Ni a ganina waɗannan shekaru na Pozo-Seco su ne makarantarsa. A wancan salo, waƙa ba ta mawaƙi ba ce shi kaɗai. Daga baki zuwa baki take yawo, wani ya ji a wurin kakarsa, wani ya tsinta a wurin maƙwabci, aikin mai rerawa shi ne ya isar da ita lafiya ba tare da ya tare mata hanya ba. Kiɗa ba ya hawa kan magana. Wanda ya saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya zai gane abin da nake nufi: kayan kiɗan kaɗan ne, don haka kowace kalma sai ta tsaya da ƙafarta.

Sai mu zo kan masu cewa ba marubuci ba ne. Da ya koma Nashville a 1971, ba a matsayin mawaƙi aka ɗauke shi ba. Jack Clement, wanda ya taɓa aiki da Johnny Cash a kamfanin Sun, shi ya ɗauke shi aikin rubuta waƙa a kamfaninsa. A garin nan rubutun waƙa sana'a ce mai zaman kanta. Kamfani zai ɗauki mutum ya riƙa ba shi ɗan kafin alƙalami, ya zauna ya rubuta, a naɗi waƙar a faifan gwaji, a bi manyan mawaƙa da ita ana talla ko wani zai so. Da alƙalami Don ya shigo garin. Muryarsa a faifan gwaji ce ta sa Clement da furodusa Allen Reynolds suka ga ai mai kayan ya fi dacewa ya rera da kansa. A 1972 ya fara fitar da waƙa a ƙaramin kamfanin Clement mai suna JMI, a 1973 faifansa na farko ya fito, kuma "The Shelter of Your Eyes" da ta fara buɗe masa ƙofa, shi ya rubuta abarsa.

Ku tuna yadda Nashville take a lokacin. Abin da ake yayi shi ne a cika waƙa da tarin masu goge da 'yan amshi, a yi mata ado har ta yi nauyi. Don da Reynolds suka ƙi. Suka rage kaya, makaɗin ganga Kenny Malone ya riƙa taɓawa a hankali, Lloyd Green ya riƙa sa tasa jitar inda ake bukata kawai, aka bar murya a gaba. Wannan ba dabara ce da ta faɗo daga sama ba, tarbiyyar da ya taho da ita ce daga Texas.

Ya ci gaba da rubutu. "Till the Rivers All Run Dry", wadda suka rubuta tare da Wayland Holyfield, ta zama ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri da suka fi tashe a 1976, kuma shekara guda bayan nan Pete Townshend da Ronnie Lane, manyan 'yan rok na Ingila, suka ɗauka suka rera. "Lay Down Beside Me" tasa ce. "Love Me Over Again" da ta kai ta ɗaya a 1980, shi kaɗai ya rubuta.

Gaskiya ne, "You're My Best Friend" ta Holyfield ce. "Amanda" ta Bob McDill ce. "Tulsa Time" makaɗin jitarsa Danny Flowers ya rubuta, "I Believe in You" kuma Roger Cook da Sam Hogin. Nan ne ni da masu sukar muka raba gari, domin abin da suke kira gazawa shi ne ya fi ƙara masa daraja a idona. A tsarin Amurka marubucin waƙa yana da kasonsa duk lokacin da aka sayar da faifai ko aka sa waƙar a rediyo. Mawaƙin da ya iya rubutu, in ya cika faifai da nasa, ya ci riba biyu. Son wannan kaso ya kai har manajan Elvis Presley ya nemi rabin haƙƙin wata waƙar Dolly Parton kafin Elvis ya rera ta, ita kuwa ta ƙi, da gaskiyarta. Don yana da alƙalami, yana da suna, ba wanda zai hana shi. Amma in ya ji ta McDill ta fi tasa, sai ya ajiye tasa ya ɗauki ta McDill. Ba ƙaramin abu ba ne mai sana'a ya yarda aikin ɗan'uwansa ya fi nasa kyau, alhali kuɗi na kiransa ta ɗaya ɓangaren. Kuma kunnen da ke tsinto waƙa mai kyau daga cikin tarin faifan gwaji, kunnen marubuci ne, wanda ya san wahalar ɗora baiti a kan baiti.

Abin na taɓa ni ne saboda mu a nan ba mu cika tambayar wa ya rubuta ba. Waƙa ta yi daɗi, a yaba wa mai murya, yaron da ya kwana yana saƙa baitocin ko sunansa ba a ji. A fayafayan Don kuwa, ƙarƙashin kowace waƙa ga sunan mai ita a rubuce, shi ya sa yau nake iya kiran su McDill da Holyfield ɗaya bayan ɗaya.

Akwai masu cewa waƙoƙinsa duk tafiyarsu ɗaya. Eh, bai cika canza taku ba, kuma wanda ke neman tsalle da ihu ba wurinsa zai zo ba. Da wannan taku ɗin ya hau matsayi na ɗaya sau 17 tsakanin 1974 da 1986, aka zaɓe shi gwarzon mawaƙin kantiri namiji na 1978, aka kuma shigar da shi zauren girmama manyan kantiri a 2010.

Ya yi ritaya a 2006, ya dawo a 2010, ya fitar da fayafayai biyu a 2012 da 2014. Na ƙarshen nan ya kamata masu sukarsa su nema su saurara. Yana da shekara 74 a lokacin, ba abin da ya rage ya nuna wa kowa, sai ya koma ga marubutan jiharsa masu salon gargajiya, ya rera ta Townes Van Zandt, ya rera ta Guy Clark, da jita a hankali kamar yadda ya fara. A 2016 ya ajiye yawon wasa gaba ɗaya. Ya rasu ranar 8 ga Satumba, 2017, a Mobile ta jihar Alabama, bayan fama da ciwon huhu, yana da shekara 78, ya bar matarsa Joy wadda suke tare tun 1960 da 'ya'ya maza biyu.