Ƙurar Kano daban, jar lakar Kumasi daban, ko a jikin tankar roba

Shekara goma sha ɗaya kenan ina Kumasi, fentin mota nake yi a Magazin ta Suame, wato unguwar masu gyaran motoci, da daddare kuma in na dawo ɗaki a Aboabo na yi isha'i na ci abinci sai in jawo ɗan teburina in zauna kan 'yan tankokin yaƙin nan na roba da ake haɗawa a yi musu fenti. Masu awon 1/35 nake yi, wato komai na jikinsu an rage shi sau 35, tankar T-55 da gangar jikinta ta haura mita shida sai ga ta kusan santimita 18 a hannunka. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya faro wannan awon da tankar Panther a 1961, saura suka bi. Ni dai aiko min ake yi, kwali ɗaya sai in yi wata biyu a kansa.

Abin da ya sa nake rubutun nan, ƙanena da ke Kano shi ma ya kamu da abin, satin da ya wuce ya turo min hoton T-55 ɗinsa ta WhatsApp ya ce Yaya ya ka gani, ta sojan Najeriya ce a Borno. Wallahi hannunsa ya faɗa, haɗin ba gam a waje, fentin sajewar, wato launukan da ke sa tanka ta saje da wuri, ya kwanta lumui, amma na ce masa ƙanena wannan tankar ba ta taɓa taka Borno ba. Ya lafta mata baƙar laka har wuya irin ta gonakin Turai, ga tsatsa tana zubowa ta ko'ina kamar an tsamo ta daga rijiya. A YouTube ya koya, su kuma masu koyarwar abin da idonsu ya saba gani a ƙasarsu suke yi, ba laifinsu ba ne, mu ne muke ɗauka mu manna a inda bai dace ba alhali ga tifa da tirela suna wucewa ta ƙofar gidanmu kullum.

Ni ma sai da na bar gida na gane ƙarfe ba iri ɗaya yake tsufa ba. Watana na farko a Magazin maigidana, wani dattijo da ya yi shekaru a fentin manyan motoci, ya kira ni gindin wata motar katako da ta fito daga daji ya ce ɗan Kano zo ka gani, a nan ruwa ne ke cin mota ta sama laka na cinta ta ƙasa. Na durƙusa na duba. Jar laka ta daskare a bayan tayoyi ta yi kauri kamar yaɓen ɗaki, can sama ta bushe ta yi haske, can ƙasa da danshinta ta yi duhu, kowane noti da kowane bakin walda akwai siririn layin tsatsa da ya gangaro daga gare shi ya miƙe ƙasa yana shuɗewa, har gansakuka ta fito a robar gilashi. Kumasi damina biyu gare ta a shekara, ƙarfe ba ya samun hutu. Na ce Baba a wajenmu ba haka mota take mutuwa ba.

A Kano rana ce da ƙura. Fentin saman mota shi ke fara kodewa, kore ya koma kamar an wanke shi da toka, gefe kuma yana nan da sauran launinsa. Ƙurar hunturu fara-fara ce, laushi kamar garin tuwo, ba ta ɗamfarewa a bango, kwanciya take a duk inda ya baje, ta cika lungu da kusurwa, inda kuma dizal ko baƙin mai ya tsiyaya sai ta manne ta zama baƙin kirci mai maiƙo, inda hannu da takalmi ke yawan gogawa ka ga wajen fes har ƙarfen na sheƙi. To tankar da ka ce a arewa maso gabas take da rani haka ya kamata ta fito, ƙura sama, maiƙo wajen injin, sarƙarta a goge. Ga tankokin Libiya da Cadi ta kwashe a 1987 a Fada da Wadi Dum, T-55 ne da yawansu, duk mai son ganin yadda hamada ke yi wa fenti ya nemi hotunansu ya ƙura ido.

Maganar tsatsa kuwa an fi zuba ta fiye da kima. Tankar da ke bakin aiki akwai mutane a kanta kullum suna shafa mata mai, tsatsarta salansa ce da sarƙar ajiya da ɗan inda ya kwarzane. Wata ma ba ta yin jar tsatsa sam, Scorpion ɗin Ingila da sojan Najeriya ke da ita jikinta alminiyom ne, haka M113 ta Amurka, in ta kwarzane fari-fari za ka gani. Sannan a tuna da awo, kwarzanen milimita ɗaya a jikin roba santimita uku da rabi ne a gaske, shi ya sa nake yagar ɗan soso ƙanƙani in tsoma a fenti in goge kusan duka a takarda kafin in ɗan dangwala a bakin ƙofa da inda ake takawa, in gama in bi gefen da fensir ya ba da sheƙin ƙarfe. Shi kenan.

Fentin sajewar kansa ma mutane na yi masa tsafta da yawa. Jamus a Fabrairun 1943 ta bar toka mai duhu ta koma rawaya mai duhu a matsayin fentin farko, kore da ja mai ruwan ƙasa kuma a gwangwani ake ba sojoji da kauri, su tsinka da fetur ko ruwa su shafa da kansu, wani da bindigar feshi wani da burushi wani da tsumma. Duk wanda ya yi aiki a Magazin ya san me hakan ke nufi, fenti ɗaya masta biyu launi biyu. Don haka ban damu da layina ya ɗan karkace ba, na fi damuwa da in ɗan haskaka launin da fari kaɗan, don abu ƙarami in ka sa masa launin gaske cif sai ya yi duhu a ido.

Yanayi ma sai ka koya. A nan da damina in ka fesa banish iska da danshi sai ya yi fari kamar hazo, dole ka jira rana ta buɗe, ƙanena kuma kukansa fenti na bushewa a bakin bindiga kafin ya isa jikin roba, shi sai ya ƙara ruwa ya matso kusa. Kuma don Allah kada wanda ya kai tinar mota kusa da robar nan, na taɓa yi a farko, kan wata tankar T-34 ya narke ya yi yamutse, na yi sati abin na cina.

Wani lokaci ranar Asabar nakan ɗauki yaran unguwa biyu uku mu je gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Adum, wadda Turawa suka sake ginawa a 1897, inda aka yi musu ƙawanya a yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Akwai kayan yaƙin da sojan Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, suka dawo da su daga yaƙin duniya na biyu, rundunar da Hausa ce harshen bariki a cikinta, kakannin wasu yaran nan ma sun je ƙasar Bama ta Asiya. Nakan ce musu su kalli walda da noti da yadda ruwa ke kwanciya, launi kam kada su ɗauka a can, kayan ajiya sake musu fenti ake yi.

Yanzu a teburina gwangwanin Milo biyu ne. Ɗaya jar ƙasar da na kankaro daga ƙarƙashin wata tifa a Suame, ɗayan ƙurar da Hajiyarmu ta sa aka share min a soron gidanmu aka ba direban motar goro ya kawo. Nakan soya kowacce a tsohon kasko ta bushe, in tace da tsohuwar safa, in kwaɓa da farin gam na kafinta da ruwa in shafa da burushin da ya mutu. Jiya na ɗaura wa ƙanena ƙulli ɗaya na jar don tankarsa ta gaba, ya ce ta daji zai yi, T-55 ɗin kuma ya riga ya jiƙa ta yana kankare lakar, ya ce da asuba zai hau soro ya sharo tasa ƙurar.