Ku ƙyale yarinyar nan, shafinku ta karanta muku

Haba jama'a, ya isa haka. Tun shekaranjiya ake jifan yarinyar nan da baƙaƙen maganganu. Wani ya ce ba ta da tarbiyya, wata ta ce 'yan boko ne suka hure mata kunne, wani malamin Facebook har ya yanke hukunci wai irinta ba sa zaman aure. Me ta yi? Shafin nan na nasihar zaman aure da mujallun mata suke cika mana ido da shi kowane wata ta ɗauko, ta juya shi kan maza. Ta ce maigida ya yi wanka ya shafa turare kafin uwargida ta dawo, ya tarbe ta a bakin ƙofa da fara'a, ya karɓi jakarta, kada ya kuskura ya tambaye ta inda ta tsaya. Ta ce in ya ga ta fara sauya masa fuska ya binciki kansa, ko tumbi ya ajiye, ko kaushin ƙafarsa ne ya ishe ta. Ta ce in ta daka masa tsawa a gaban yara ya haɗiye, ya tuna gajiya ta kwaso a waje. Iyakar abin da ta rubuta ke nan. Babu layi ɗaya a ciki da ban taɓa karantawa da sunan nasiha ba, an buga a takarda mai sheƙi, an sayar mana da kuɗinmu. Da ake faɗa wa mata, sunansa gyaran zaman aure. Yau da aka faɗa wa maza ya koma cin mutunci.

To in cin mutunci ne, ina kuke duk shekarun da ake faɗa wa 'ya'yanku da ƙannenku? Abin da nake son a amsa mini ke nan, kuma har yanzu ba wanda ya amsa.

Makon jiya ina gidan mai kitso a unguwarmu, ana tsefe mini kai, na jawo wata mujalla da ke yashe a kan tabarma, yara sun yage mata baya. A bangon gaba amarya ce, an wanke fuskarta da kwamfuta har launinta ya bambanta da na hannunta mai lalle. Na buɗe ciki. Sirrin mallakar miji. Yadda za ki zama tauraruwa a cikin kishiyoyi. Haɗin tsumi, haɗin gumba, kazar amare, maganin matsi, kowanne da lambar waya a ƙasa. Can wajen ƙarshe sai filin wasiƙu. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa mijinta ya yi watanni bai ba da kuɗin cefane ba, da ɗan ɗinkin da take yi take ciyar da yara, in ta yi magana ya ɗaga mata hannu. Na karanta amsar da aka ba ta sau biyu don in tabbata idona bai yi mini gizo ba. An ce ta ƙara haƙuri, ta ƙara tsafta, ta canza salon girki, ta duba shimfiɗarta ko akwai inda ta gaza. Macen da ake duka, macen da ke ciyar da gida da allura da zare, ita aka tura ta je ta binciki kanta. Ba a ce mata ciyarwa wajibinsa ne ba. Ba a ce mata ta sanar da waliyyinta ba. Ba a ce mata alƙali yana sauraron irin wannan ƙara ba. Mai kitson da na karanta wa ta ce, "Hajiya, ai kullum haka suke amsawa." Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin zafin rana, abin da aka saba da shi. Wannan sabon shi ya fi ƙona mini rai.

Ga masu cewa yarinyar ta taɓa addini, don Allah ku daina ɓuya a bayan addini. Wane addinin ta taɓa? A Suratul Baƙara Allah ya ce mata suna da haƙƙi kwatankwacin wanda ke kansu, bisa abin da aka sani na kyautatawa. An ruwaito Abdullahi ɗan Abbas yana cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa, kuma da wannan ayar ya kafa hujja. Da aka tambayi Nana A'isha me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a cikin gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ashe wankan da turaren da yarinyar nan ta ce maigida ya yi, waɗanda kuka ɗauka zagi ne, sunna ce kuka manta. Kuma ba yau aka fara wannan faɗan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kaca-kaca da malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya gargaɗi mata kada su saurari masu nanata musu biyayyar miji ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, wato mata jagororin karantarwa, ta ɗaura musu malafa, suka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da mata tauhidi da fiƙihu ta hanyar waƙa. Wannan tsarin shi ake kira 'Yan Taru. Mace ta koyar da mace yadda za ta san Ubangijinta da haƙƙinta. Mu kuma yau, da injin buga takarda da intanet a hannu, abin da muke koya wa mace shi ne yadda za ta dafa kaza da minannas.

Ba na ƙin ado. Ina son turaren wuta, ina son humra, ina son in ga mace tsaf-tsaf, kuma ba na ganin aibin mace ta faranta wa mijinta. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita ita kaɗai ce mai laifi a duk abin da ya lalace. Ya ƙaro aure, ke ce ba ki gyara ba. Ya daina kwana a gida, ke ce ba ki iya magana ba. Ya sake ki, ke ce ba ki yi haƙuri ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san wannan, amma in aka zo maganar aure sai a ɗora wa mace jinkar da ginin gaba ɗaya, a ce namiji ya zauna ya ba da maki.

Ku duba abin da shafukan nan suke tsallakewa. Mace nawa a garin nan ta san cewa idan aka yi mata sakin da ake iya kome, a ɗakinta za ta yi idda, kuma ci da sha suna kan mijin? Ayar tana farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, an ce kada ku fitar da su daga gidajensu. Amma a Kano da an miƙa takarda sai ka ji "tafi gidanku", ta fita da daddare da goyo a baya, ana kiran a-daidaita-sahu a kwashe gado da kwanuka. Mace nawa ta san cewa a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon 'ya'ya bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kuma uban ne zai ci gaba da ciyar da su? Mace nawa ta san alƙali na iya raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, ba sai ta biya kuɗin hul'i ba? Mace nawa ta san tumunin da take da shi a dukiyar mijinta in ya rasu ya bar 'ya'ya, ko rubu'i in bai bari ba? Wannan duk ilimi ne da zai shiga shafi ɗaya. Shafi ɗaya tak. Amma an ba wa mai tsumi shafin.

Haka ɓangaren lafiya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Kowaccenmu ta je gaisuwar wata da ta tafi a kan gwiwa. Ina shafin da ke cewa in mai ciki ta ga ƙafarta da fuskarta sun kumbura, kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, ta garzaya asibiti don alamar jijjiga ce? Ina shafin da ke bayanin cewa doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari, kuma ana yin aikinsa a nan cikin birni a warke? A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jini don gudun haifar masu sikila. Wannan ai labarin amare ne na gaske. Sai dai amaryar mujalla ba ta da jini, fata kawai gare ta, ita ma fatar an ce ta canza mata launi. A 2023 hukumar NAFDAC ta fito ta ce shafe-shafen bilicin ya zama babbar barazana ga lafiyar al'umma. Wasu mayukan akwai sinadarin da ke lalata ƙoda, wasu suna sa fata ta yi siriri har in an yi wa mace tiyata ɗinki ya ƙi kamawa. Likitocin mata kuma sun gaji da gargaɗi kan cushe-cushen da ake yi da sunan matsi. Duk da haka tallarsu ce ke biyan kuɗin buga mujallar, shi ya sa ba za ku taɓa ganin an soke su a ciki ba.

Na san abin da za a ce, wai ai kasuwa ce, abin da mata ke so ake ba su. Wannan magana ba ta da nauyi a wurina. Tsoro ake sayar musu. An tsorata yarinya tun tana shekara goma sha biyar cewa in ba ta yi kaza ba za a yi mata kishiya, in ba ta sha kaza ba za a sako ta, sannan a dawo a ce ita ta nema. Kuma da abin yana aiki ai da mun gani. Lungun da babu mai kayan mata a Kano yau sai an tona, amma zawarawa ba su ragu a gidajen iyayensu ba. Tun 2012 Hisba ke haɗa auren zawarawa da kuɗin gwamnati, a 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da amarensu. Da tsumi ke riƙe aure da ba a kai ga haka ba. Abin da ke kashe aure kowa ya san shi: rashin ciyarwa, duka, zagi, ƙarya tun wajen neman aure, da namijin da ba a taɓa zaunar da shi an ce masa ga abin da ke kansa ba. Amarya tana shan wata guda ana gyara ta ciki da waje, gwaggo da inna kowacce da nata faɗan. Ango fa? Abokai su raka shi, a yi siyan baki, a yi dariya, a watse.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, yawancin masu rubuta shafukan nan mata ne 'yan uwana, wasunsu ma sun yi karatu mai zurfi. 'Yan uwa, ku ji tsoron Allah. Alƙalami amana ne. A garin nan marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan jaridar Sunday Triumph, daga baya ta riƙe New Nigerian a Kaduna, ta yi rubutu kan mulki da talauci da karatun 'ya mace da lafiyar uwa har Allah ya karɓi ranta a Mina a 2015. Ba ta bar addininta ba, ba ta bar mutuncinta ba, kuma ba ta taɓa ɗaukar mace a matsayin wadda tunaninta ya tsaya a bakin murhu da bakin gado ba. Matan Kano da ke cikin gida suna juya kuɗi, suna adashi, suna saro atamfa a Kantin Kwari ta waya su sayar har Nijar, suna biyan kuɗin makarantar yara da ribar awara da zoɓo. Waɗannan matan ku ke rubuta wa. Sun cancanci a yi musu magana kamar masu hankali.

Ku kuma maza da abin ya yi wa zafi, zafin nan da kuka ji na kwana biyu ne, daga rubutu ɗaya na yarinya ɗaya. Ku riƙe shi, ku auna, ku tuna akwai wadda ke kwana a gidanku da aka raine ta da irinsa tun tana 'yar talla. Ba a ce ku sauka daga shugabancin gida ba. Cewa aka yi a riƙa faɗa wa kowa nasa.

Af, tun da ana maganar mujallun nan, ko filin girkin da nake ɗan leƙawa shi ma ya fara ba ni haushi. Kullum kek, kullum shawarma, kullum abin da sai an je babban kanti an sayo kayan haɗinsa da kuɗin da ya isa cefanen mako. Ba mai rubuta yadda ake alkaki ya yi saƙa-saƙa ya sha zuma har ciki, ko nakiyar da za ta shekara ba ta lalace ba, ko dubulan na gara irin na tsofaffin cikin Birni. Masu iyawar suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, yanzu in biki ya taso sai an yi ta cigiyar mai yi. Ni alkakin ne yake ba ni wuya, kullum sai ya yi tauri. Wadda ta san adadin kwanan da ake barin alkamar ta yi tsami kafin a murza, da ko tsamiya ake sawa ko nono, don Allah ta rubuto mini.